Shekara Uku da Aka Rage wa Auta

2 ga Maris

Auta,

Matar nan ba ta yi kuka ba. Na fara da wannan tun kafin gaisuwa, domin kuskuren yana shafin farko na wasiƙarka, kuma duk abin da ka gina a shafi na biyu da na uku a kansa ya tsaya. Ka rubuta cewa a fim ɗin da ka aiko mini, sa'ad da aka fitar da akwatin mai gyaran agogo daga ɗakin da ya yi shekaru yana haya, mai gidan ta tsaya a taga tana share hawaye. Na kalli wurin sau uku, na ƙarshen da faifan a tsaye. Tabaraunta ta cire, ta goge da gefen rigarta, ta mayar. Idonta a bushe yake. Haka kuma ba ita ta ɗauki akwatin ba, ɗanta ne, kuma ba jefar da shi ya yi ba kamar yadda ka ce. Ajiye shi ya yi a hankali a bakin ƙofa.

Yanzu kuma gaisuwa. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da 'yarmu, kuma gwiwar nan ta daina hana ka hawa matakalar ɗakin majigi. Mu nan alhamdu lillahi. Likita ya rage mini ƙwayar hawan jini zuwa ɗaya a rana. Kunnen hagu kuwa ya tafi ba sallama, shi ya sa nake roƙonka ka daina kira a waya kan magana mai muhimmanci. Rabin abin da kake faɗa mai ɗakina Malama ce take maimaita mini, ita kuma tana ƙara nata.

Na fahimci fassararka. Ka ce mai gidan ita ce ƙasar da kake zaune a cikinta, mai gyaran agogo shi ne ku baƙi, ɗan nata da ya dawo gida ba aiki shi ne 'yan ƙasa masu neman ɗakin. Maƙwabcin da ke miƙo kwaɗon sayarwa ta kan katanga kuma ka ce shi ne manyan ƙasashe, waɗanda ba sa zuwa rabon faɗa sai sun fara sayar wa kowane ɓangare abin kulle ƙofa. Na yarda da wannan na ƙarshen, har na yi dariya ni kaɗai. Inda muka rabu shi ne hawayen.

Ƙasa ba ta kuka, Auta. Ba don mugunta ba. Ba a yi ta da wurin da hawaye ke fitowa ba. Abin da take da shi ɗakuna ne, da yawan waɗanda za su kwana a ciki. Matar ta ba mutumin ɗaki a lokacin da agogonta ya tsaya, famfonta yana zuba, ta karɓe a lokacin da ɗanta ya fi agogo muhimmanci. A duka lokutan biyu abu ɗaya ta duba. Kai ne ka ɗauki na farkon a matsayin ƙauna, shi ya sa kake neman nadama a na biyun.

Akwai kuma abin da ya wuce ka, kai da ka shekara talatin da biyar a bayan majigi. Likitan nan mai kirki da ya zo a ƙarshe ya ba mutumin kujera a barandarsa, ka saurari karin harshensa: irin na masu shirya fim ɗin ne. Wanda ya riƙe kyamara ba ya ba ƙasarsa rawar mai korar baƙo.

Sai batun da ka ajiye a gefen takarda, da ƙananan baƙaƙe kamar kana jin kunyarsa. Ga yadda na fahimce shi, ka gyara mini idan na kuskure. An yi sabuwar doka a can: duk baƙon da bai sabunta izinin zamansa ba kafin ƙarshen Yuni, za a ɗauke shi a matsayin wanda ke zaune ba bisa ƙa'ida ba. Ba a sabunta izini sai da fasfo mai rai. Naka ya mutu shekara shida ke nan, abin da ban ji daɗin ji ba. Ofishin jakadancinmu kuma ba zai ba ka sabo ba sai wani babba a danginka ya rantse a kotu a nan gida cewa kai ɗan ƙasa ne, ɗan wane, haihuwar shekara kaza. Babban da ya rage ni ne. Zan yi, ba sai ka roƙa ba.

Sai dai a daftarin da ka aiko ka rubuta shekarar sittin da ɗaya. An haife ka a hamsin da takwas. Ina aji uku a firamare, ni aka aika kiran ungozoma, kuma na rasa jarrabawar lissafi ta ranar saboda kai. Ka gyara ka aiko, a yini ɗaya zan gama.

Yayanka.

24 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. A gaida Malama, a ce mata ta ci gaba da ƙara nata, ya fi naka daɗin ji. Mu nan lafiya lau. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, da safe mu yi rigima, da rana mu shirya. Matakala ashirin da bakwai ce zuwa ɗakin majigi, yanzu a ta sha huɗu nake tsayawa in yi kamar ina duba wayar lantarki.

Na karɓi gyara. Na sake kallo, tabarau ne. Sau ɗari da ɗoriya na haska fim ɗin nan ta 'yar tagar bango, kullum hawaye nake gani. Ka ga amfanin yaya mai jan biro. Amma ka bar ni da guda ɗaya: me ya sa tabarau ya buƙaci gogewa a daidai wannan lokacin, ba da safe ba, ba jiya ba?

Kai ma kuma ka tsallake mutum guda, ma'aikaciyar jinyar nan ta hawa na sama, wadda mutumin ya gyara wa makulli da fanka kyauta. Ta leƙo, ta ga akwati a waje, ta ja labule. Mai shara a nan wurin aiki ya ce ita ce ƙasashen maƙwabta. Mai sayar da tikiti ya ce a'a, ita ce babban zauren da ƙasashe ke taruwa su yi jawabi su watse. Sun yi ta musu har 'yan kallo suka fara buga taga. Ni dai ban ga ƙasarmu a fim ɗin ba sam, kuma shi ya fi damuna. Ba wanda ya tambayi mutumin daga ina ya fito, ba wanda ya zo tarbarsa.

Yaya, sittin da ɗaya ba kuskure ba ne, kuma ka sani. Lokacin da aka buɗe gurbin koyon aikin injin sinima a nan, an ce kada mai nema ya wuce ashirin da biyu. Ina da ashirin da huɗu. Baba ya kama hannuna muka shiga wurin magatakarda, muka fito ina da ashirin da ɗaya. Ba mu gaya maka ba, don lokacin kana ofishin kula da bayanan ma'aikata, kana dawowa gida da labarin wanda ka kama ya rage shekaru kamar mai dawowa daga farauta. Amma kai ka raka ni filin jirgi. Ka riƙe mini fasfo ina ɗaure takalmi, ka buɗe, ka rufe, ka miƙo mini ba ka ce uffan ba.

Tun daga ranar komai nawa sittin da ɗaya ne: tsohon fasfo, izinin zama, takardar aure, takardar haihuwar 'yarka, har katin asibiti. Idan rantsuwarka ta zo da hamsin da takwas, mutumin da ke taga a ofishin jakadanci zai ce mutum biyu ne, kuma ba zai ba ko ɗaya fasfo ba. Na tambaye shi a fakaice, wai matsalar wani abokina ce. Ko kai bai ɗago ba.

Shekarun nan uku ba a hannun kowa na ƙwace su ba. Ni ne ma zan biya su, in yi ta hawa matakala bayan tsararrakina sun huta. Ka sa hannu kawai. Wasiƙa tana cin sati uku a hanya, ofishin jakadanci yana cin sati shida. Ka lissafa, kai ne gwani.

Ƙaninka, wanda ya kayar da kai jarrabawa tun yana jinjiri.

15 ga Afrilu

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Malama ta kwanta kwana huɗu da mura, ta tashi. Ni lafiya. Zan bi wasiƙarka sakin layi bayan sakin layi, yadda na saba.

Tabarau. Tambayarka tana da kyau, amma tambaya ba hujja ba ce. Ana goge tabarau ne don a gani sosai. Matar tana so ta tabbatar mutumin bai tafi da makullin ɗaki ba.

Ma'aikaciyar jinya. Ba na zarginta, domin ita ma haya take yi. Ƙaramar ƙasar da ta buɗe taga ta yi magana yau, gobe nata akwatin ne a waje, kuma ta san haka. Ka ce ba ka ga ƙasarmu ba. Ni na gan ta: ita ce akwatin. Wannan ya ɗauka, wancan ya ajiye, ba a tambayarta, kuma har fim ya ƙare ba wanda ya buɗe ya ga abin da ke ciki.

Fasfo a filin jirgi. Na buɗe, na gani, ban musa ba. Amma yin shiru a kan abin da wani ya rubuta daban, ɗaga hannu a gaban kotu in ce da bakina haka ne daban. Na yi shekara talatin da biyu a ofishin nan. Mutum goma sha tara na sa aka sallama saboda rage shekaru, kuma ina tuna fuskar kowannensu. Ɗaya masinja ne mai 'ya'ya bakwai, shekara biyu kacal ya rage. Ya durƙusa a ƙofar ofishina, hularsa a hannu, na ce masa doka ba ta san 'ya'ya bakwai ba. Idan na rantse maka yau, to ba doka na bi a kansa ba. Laifinsa kawai shi ba ƙanena ba ne.

Na faɗa wa Malama haka. Ta ce, "To ai ba ƙanenka ba ne. Wannan kuwa ƙanenka ne. Mene ne abin wahalar ganewa a ciki?" Na ce mata ba ta fahimci batun ba. Ta ce ta fahimce shi tun ina neman wuƙar buɗe ambulan.

Akwai hanya mai tsabta, kuma na riga na kama ta. Ana iya neman gyaran shekarar haihuwa a hukumance. Na rubuta takardar nema, na kai da ƙafata, an buɗe fayil, na ga lambarsa da idona. Idan ta fito, za ta tabbatar cewa mai hamsin da takwas da mai sittin da ɗaya mutum ɗaya ne, kuma daga nan har ƙarshen rayuwarka ba ka da abin ɓoyewa. An ce mini wata uku zuwa huɗu.

Na san za ka ce wa'adi. Ka saurare ni a nan, domin wannan fagena ne. Ban taɓa ganin wa'adin gwamnati da ba a ƙara ba. Ana sa na farko ne don a tsorata mutane su fito layi. Idan layi ya yi tsawo a ƙara wata uku, daga baya a ƙara wasu. Ni da hannuna na rubuta irin wannan sanarwar ƙarin fiye da sau goma.

Ban da haka, ka auna da ma'aunin da muke ta magana a kai, wato ƙasa moriyarta take bi. Mutum nawa ne a garin nan naku za su iya kwance tsohon majigi su mayar da shi? Kai ka gaya mini ku biyu ne, ɗayan kuma hannunsa ya fara rawa. Ba irinka ake nufi da dokar nan ba. Mai gidan ba ta kori mai gyaran agogo ba sai da ɗanta ya sayo mata agogo mai batir. Ka duba, yana kan tebur a minti na saba'in.

Ka kwantar da hankalinka, ka bar mini sauran.

Yayanka.

7 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Wasiƙarka ta iso jiya.

Na ga agogo mai batir ɗin, tun tuni ma. Amma na daina neman ƙasashe a fim ɗin. Mutum ne dai aka fitar wa da akwati.

Batun takarda, shi ke nan. Kada ka wahalar da kanka.

A gaida Malama.

Auta.

10 ga Yuni

Auta,

Bayan gaisuwa. Na ji daɗi da ka amince da hanyar da na kawo, ko da yake da ka faɗi hakan a jimla cikakkiya da ya fi. Ba wahala nake sha ba. Duk ranar Talata nakan je in duba fayil ɗin. An ce mini ya bar tebur na farko.

Malama ta karanta wasiƙarka ta ce wannan ba amincewa ba ce. Na ce ta nuna mini layin da ka ƙi. Ta ce babu, kuma shi ne abin tsoron. Ta kira wayarka sau uku a makon jiya, mai ɗakinka ce take ɗauka, ta ce ka fita, ta kashe ba ta tambayi lafiyata ba. Wannan ba halinta ba ne.

Ina sauraron labarai safe da yamma. Ba a sanar da ƙarin wa'adi ba tukuna, amma yawanci a makon ƙarshe ake yi, wani lokaci ma a ranar ƙarshe.

Ka ce ka daina neman ƙasashe a fim ɗin. Ban so haka ba. Shekaru da dama ba mu sami abin musu mai daɗi irin wannan ba, ni da kai. Ina da sabon ra'ayi game da karen da ke kwance a bakin ƙofa, wanda ya yi wa mutumin haushi ranar da ya zo bai kuma yi ba ranar da zai tafi, amma ba zan rubuta ba sai na ji naka.

Wata guda ke nan da ka rubuta wasiƙarka ta ƙarshe, ita ma layi shida ce. Idan fushi kake yi, ka rubuto fushin, zan karanta.

Yayanka.

9 ga Yuli

Baffa,

Ina gaishe ka, ina gaida Malama, da fatan jiki da sauƙi. Ni ce 'yarka. Na kira jiya, Malama ta ɗauka, ina jin ka a bayanta kana cewa, "Me ta ce? Wane ofishi? Wace rana?" sai na kasa ci gaba. Ga shi a rubuce da ranakunsa, yadda kake so. Na aiko ta hanyar gaggawa, kwana huɗu aka ce.

Ba a ƙara wa'adi ba. Ranar ɗaya ga wata aka umarci duk masu ɗaukar ma'aikata su miƙa sunayen baƙin da ke wurinsu, manajan sinima ya miƙa. Ranar uku jami'ai biyu suka zo da rana, Baba yana tsakiyar haska fim. Ya roƙe su su bari ya ƙare don mutane sun biya tikiti, suka bari. Suka zauna a benci a bayansa suka kalli sauran ta 'yar tagar. Da za su sauka, ɗayan ya riƙe masa hannu saboda gwiwa. Ba wanda ya ɗaga murya.

Akwai abin da bai gaya maka ba. Tun bara aka kawo sabuwar na'ura mai aiki da kanta. Tsohon majigi sau ɗaya ake kunna shi a mako, don dattawa masu son tsofaffin finafinai.

Yanzu Baba yana tsare a wani tsohon sito a bayan tashar jirgin ƙasa, su sun fi ɗari biyu. Gadaje hawa uku ne, wani direba ya bar masa na ƙasa. Ana ba mu minti goma ta bayan raga, ranar Litinin da Alhamis. Ya rame, amma yana ba su labarin finafinai, har masu gadi suna matsowa.

Ga inda maganar take. Izinin zama ya wuce, ba zancensa kuma. Hukumar nan ta ce za ta mayar da shi ƙasarsa, kuma ba zai dawo ba sai bayan shekara biyar. Ofishin jakadancinku ya ce ba shi da shaidar cewa nasu ne, don haka ba za su karɓe shi ba. Yana nan ke nan a tsakani har sai takarda ta zo. Akwai wanda ya shekara biyu a siton a kan irin wannan. Ni da Mama 'yan nan ne, ba wanda ya taɓa mu. Abin da muke roƙo yanzu shi ne a kore shi zuwa wurinka, ka ji inda muka kai.

Jami'in ofishin jakadanci yana zuwa sau ɗaya a wata. Zai zo ranar ashirin da takwas. Yana karɓar takardar rantsuwa, sannan ya zaunar da mutum ya yi masa tambayoyi: sunan iyaye, shekarar haihuwa, yaushe ya shiga makaranta, yaushe iyaye suka rasu. Idan amsa ta saɓa da takarda, sai wani watan, ko kuma babu.

Ban zo da zargi ba, Baffa. Mama ce take zargi, ni takarda nake nema. Ban gaya wa Baba zan rubuto ba, da ya hana. Na tambaye shi ko yana da saƙo zuwa gare ka, mai gadi kuma ya ce saura minti ɗaya. Sai ya ce, "Ki ce wa Yaya ya yi gaskiya, ba ta yi kuka ba."

'Yarka.

14 ga Yuli

'Yata,

Wasiƙarki ta iso jiya da hantsi. Ina gaishe ki, ina gaida mahaifiyarki ko da ba za ta amsa ba. Tana da hujja. Muna lafiya.

Yau da safe na je kotu. Mai karɓar rantsuwa ya taɓa aiki a ƙarƙashina, ni na koya masa yadda ake ɗinke fayil. Da ya gan ni ya miƙe tsaye, ya kori masu layi gefe, ya jawo mini kujerarsa. Na ce ya karanta takardar kafin ya buga hatimi, haka ƙa'ida take. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da kai ka rubuta ai ba sai an karanta ba. Da kowa irinka ne da mun rufe ofishin nan." Na ɗaga hannu, na ce an haifi ƙanena a shekarar sittin da ɗaya, kuma ina nan aka haife shi. Ya buga hatimi, ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da mota.

Daga nan na wuce ofishin da na kai takardar neman gyara, domin idan ta fito wata rana za ta ƙaryata wannan. Na tarar da fayil ɗin a tebur na biyu, an ɗora masa kofin shayi. Na ce wa akawun zan duba wani abu. Da ya juya baya na zare takardata na sa a aljihu. Na taɓa sa an dakatar da mutum wata shida a kan irin wannan.

Na rubuta wa mahaifinki cewa ƙasa moriyarta take bi, kuma har yanzu ban janye ba. Abin da ban rubuta ba shi ne ni ma tawa na bi. Ina da suna mai tsabta, na kuma so in mutu da shi, sai na kira hakan doka. Takardar da na sa wa hannu yau ita ce wadda ya roƙa a watan Maris, ba a canza ko harafi ɗaya ba. Da na sa hannu a lokacin, da ta bar shi a gidansa tare da ku. Yanzu iyakar abin da za ta iya shi ne ta raba shi da ku ta kawo mini shi. Ba sai kin karanta masa wannan sakin layin ba, ya sani.

Malama ta kwashe littattafaina daga ɗakin ƙasa, wanda ba a hawa matakala kafin a shige shi. Ta tambaye ni ko gadon zai ishe shi tsawo.

Ni ma ta hanyar gaggawa na aiko. Ki kai komai hannu da hannu, kada ki bar wa mai gadi. Ki nemi jami'in ya sa hannu a kan kwafi cewa ya karɓa, ya rubuta rana.

Baffanki.

Abubuwan da ke haɗe da wannan wasiƙa:

Na ɗaya, takardar rantsuwa, ta asali da kwafi biyu. Kada ki naɗe ta a kan hatimin.

Na biyu, kwafin katin shaidata, gaba da baya, da na takardar barina aiki, don su san wanda ya rantse.

Na uku, wasiƙa zuwa ga ofishin jakadanci, cewa na ɗauki nauyin masaukinsa da ciyar da shi ba tare da iyakance lokaci ba.

Na huɗu, shafi guda na amsoshi, wanda za ki karanta masa ta bayan ragar ranar Litinin da Alhamis har ya zauna masa, sannan ki yaga. Na bi rayuwarsa shekara bayan shekara na daidaita ta da sittin da ɗaya, domin na san inda ake kama mutane; ni ma a nan nake kama su. Ya shiga firamare a sittin da bakwai, ba sittin da huɗu ba. Tsakanina da shi shekara goma sha biyu ce, ba tara ba. Rasuwar mahaifinmu ba ta da matsala. Ta Inna, mahaifiyarmu, ce ke da ita. Ta rasu a sittin da uku, kuma wannan ba ya gyaruwa, yana cikin rajistar asibiti. A gaskiya yana da shekara biyar a lokacin; a takarda, biyu. Jami'in zai iya sassauta murya ya tambaye shi yaya kamanninta suke, kamar hira. Na san yana tuna ta. Shi kaɗai ne a cikinmu yake iya kwaikwayon dariyarta. Ki gaya masa ya ce bai san fuskarta ba.